Rukuɓun Inna Sailuba

"Ke! Ke ɗiyar ga! Aje shi!"

Rumasa'u ta saki keken marasa lafiyar da take turawa ta waiga hagu da dama tana neman mai maganar, don ko kusa ba ta kawo wa ranta daga cikin keken muryar ta fito ba. Mako shida ke nan rabon Inna Sailuba da ta ce uffan. Ga shi yau, a lambun bayan gidan kula da tsofaffi na garin Gaithersburg a Amurka, da hantsin wata Juma'a mai zafi a watan Yuli, tsohuwar ta ɗago kai, baki a karkace, tana zare wa wata baiwar Allah ido kamar ta kama ta da hannu a tukunyarta.

Wadda ake zare wa idon Olive ce, baƙar Ba'amurkiya mai furfura, tsohuwar malamar makaranta da gidan ya ɗauka don ta riƙa fito da tsofaffi su sha iska su taɓa ƙasa. Ita ta sa aka kafa akwatunan katako masu tsayi daidai ƙugun mutum, aka cika su da ƙasa aka dasa furanni, yadda mai keke zai miƙa hannu ya kai. Ciyawa take cirewa a tsakanin furannin, ta damƙo cikin hannu guda za ta jefa a bokiti, sai ta tsaya cak.

"Me na yi?" ta tambayi Rumasa'u da Turanci. "Ko na taka mata ƙafa ne?"

"Hwaɗa mata abin miya take zubdawa," in ji Inna Sailuba da Hausarta ta Maraɗi. Kalmomin na fitowa da nauyi, amma suna fitowa. "Rukuɓu na. Ba ta da ido?"

Rumasa'u ta leƙa hannun Olive. Ita dai ciyawa ta gani. 'Yar Kano ce ta cikin badala, ganye a ɗaure ta san shi a gaban mai kayan miya, da za a aike ta daji ta tsinko abin kwaɗo da an kwana da yunwa. Amma ba ta tsaya musu ba. Ta karɓi ganyen ta ɗora wa Inna a cinya, sannan ta juya baya ta goge ido da gefen hijabinta, don kada tsohuwar ta gani ta sake rufe bakin.

Ba aikin kula da tsofaffi ne ya haɗa su ba. Shekara tara ƙofarsu na kallon juna a hawa na uku na wani dogon bene. Inna Sailuba ta zo Amurka ne don yi wa matar autanta Zakariya'u zaman jego, shi kuwa tasi yake ja a filin jirgin Dulles, daga zaman wata uku sai ya zama zama. Da Rumasa'u ta haifi ɗanta na fari ba uwa ba dangi a kusa, tsohuwar nan ce ta ƙwanƙwasa ƙofa ba wanda ya kira ta, ta yi mata wankan jego kwana arba'in a bahon Turawa, kullum tana mitar ƙasar da ba ta da ganyen darbejiya ko ɗaya. Shi ya sa da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita a watan Afrilu, ya ɗauke mata hannun dama da ƙafar dama, Rumasa'u ta tsaya tsayin daka sai da aka kawo ta gidan da take aiki, kuma sashen da take.

To, kawowar ba ta hana komai ba. Inna ta fara da rage magana, ta koma rage ci, daga baya ta rufe bakin gaba ɗaya. Haɗiya na yi mata wuya, sai aka mayar da ita kan abinci markaɗaɗɗe, kaza da wake da karas duk sun zama kunu kala-kala. Masu koyar da motsa jiki suka yi ta danƙa mata cokali a hannun hagu tana saki, sai da Rumasa'u ta fahimtar da su cewa matar da ta yi shekara saba'in da tara ba ta kai hagu baki ba, ba yanzu za ta fara ba. Ta koma ba ta a baki da kanta. Ta dama kunun gyaɗa, ta yi tuwo mai ruwa-ruwa da miyar kuka, duk Inna ta kawar da kai. Ta zube, wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako. A ƙarshe likita ya ce ranar Litinin za a zauna da ɗanta, in ya sa hannu a takarda a huda mata ciki a sa tiyon abinci. Inna ta san tiyon, don matar da ke gadon kusa da nata da shi take rayuwa. Tun ranar da aka fassara mata maganar ta ɗora hannunta mai lafiya a kan cikinta, ko barci take yana nan.

Wannan hannun ne yanzu ya bar cikin ya sauka kan ganyen. Ta juya shi, ta murza ɗaya tsakanin yatsu, ta kai hanci ta shinshina.

"Wa ya shuka shi nan?"

"Ba wanda ya shuka, Inna. Da kansa ya fito."

"Haka yake. Ba ya jiran a gayyace shi." Ta dubi Olive sama da ƙasa. "Ki ce mata ba a tumɓuke shi. Kai ake tsinka, a bar gindin. Kwana bakwai ya sake tohowa. Babbar mace da ita, ba ta san wanga ba?"

Rumasa'u ta fassara, ta tsallake ta ƙarshen. Olive ta dafa ƙirji ta ce shekara uku tana yaƙi da wannan ciyawa, ashe abinci take yaƙa. Ta tura keken da kanta har jikin akwatin. Inna ta miƙa hannu cikin furannin da aka sayo da tsada, ta ture su gefe ba ko kallo, ta shiga tsinkar kan rukuɓu ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta tara abin da zai cika ƙaramar ƙwarya ta jingina tana haki.

"A yi mini kwaɗo," ta ce.

Rumasa'u ba ta tsaya tafiya ba, gudu-gudu ta nufi teburin nas. Babban nas na sashen ranar Katung ne, mutumin Kafanchan, dogo mai sanyin magana, wanda in ya ga dama ya fi ta iya karin maganar Hausa. Ta zube masa ganyen a kan tebur ta zube masa labarin a kai.

"Ta yi magana?" ya ce. "Mama Sailuba? Da bakinta?"

"Har da faɗa, Oga Katung. Kwaɗo take so."

Ya ɗauki ganye ɗaya ya duba, murmushi ya kufce masa. "Kai, wannan ai mun ci shi mun gode Allah. Kakata da gyaɗa take yi mana." Sai kuma fuskarsa ta koma ta aiki. "Amma Hajiya, kin san policy. Abin da ya fito a lambun nan ba ya shiga bakin resident, ko wane tsoho ne a gidan nan. Ko kicin ba za su taɓa shi ba. In ta shaƙe, ko cikinta ya ɓaci, lasin ɗina ne da naki."

"Olive ta ce ba a taɓa fesa magani a akwatunan ba."

"Na yarda. Dokar ce ba ta san Olive ba."

Rumasa'u ta dubi ganyen da ke kan tebur. Kwana uku suka rage. Mako shida tana roƙon bakin nan ya buɗe, yau ya buɗe ya nemi abu ɗaya tak, a ce takarda ta hana. Ta fara tattara ganyen.

Katung ya sosa ƙeya yana kallon silin. "Sai dai akwai wata dokar kuma," ya ce a hankali. "Family suna da damar kawo abincin gida, in dai an markaɗa shi yadda aka rubuta mata, kuma ɗanta ya sa hannu. Ni ba a ce in tambayi inda family suka yi cefane ba." Ya mayar da ido kan kwamfutarsa. "Wannan ciyawar kuma ki kwashe mini ita daga tebur. In kin ga dama ki zubar da ita a gidanku."

Haka rukuɓun ya fita ta ƙofar ma'aikata a cikin jakar Rumasa'u a matsayin shara, don ya dawo washegari ta babbar ƙofa a matsayin abincin gida.

Da la'asar ta tarar da Zakariya'u a bakin benensu, zaune cikin tasinsa ya kashe inji, takardar likita a kan sitiyari. Mutum ne mai jiki da fara'a, amma 'yan makonnin nan sun tsotse shi. Ta gaishe shi ta gaya masa abin da ya faru. Ya daɗe yana kallon ganyen da ke cikin leda.

"Anti Rumasa'u, wallahi ban san inda zan sa kaina ba," ya ce. "In na sa hannu, na sa an huda ta tana kallona, kin kuwa ga yadda take riƙe cikin nan. In na ƙi, 'yan'uwana a gida su ce na kai tsohuwa Amurka na bar ta da yunwa ta mutu. Yayana ya bugo sau uku yau. Gaba kura, baya sayaki."

"Ka bari mu ga gobe, Malam Zakari."

"Ciyawa ce za ta yi abin da lokotoro ya kasa?" Bai faɗa da raini ba, gajiya ce. Ya karɓi ledar ya buɗe, ya sa hanci. "Shekarar da hatsi ya ƙare muna yara, wanga muka ci wata biyu. Ita ke fita da asuba ta tsinko. Mu ta ba mu da gari, ita ta ci gaya." Ya miƙa mata ledar da sauri ya juya fuska wajen tagar mota.

Ranar Asabar Rumasa'u ba ta da aiki, amma ƙarfe goma tana gidan, Zakariya'u na biye da ita da kwano a hannu. Tun a gidanta ta dafa ganyen ya yi laushi, ba ta da ƙuli-ƙuli sai ta sa man gyaɗar kanti mai kauri, da 'yar albasa da gishiri, ta zuba a injin markaɗe. Abin da ya fito kore ne shar, mai santsi, wanda duk mai mutunci a Maraɗi zai rantse bai taɓa ganinsa ba. Katung ya duba kaurinsa da cokali ya gyaɗa kai. Inna kuwa ta leƙa kwanon ta yamutsa fuska.

"Mi ne wanga?"

"Kwaɗonki ne, Inna."

"Kwaɗo ko baƙin jini? Wa ya ce ki niƙe shi?" Ta kawar da kai wajen bango. Zakariya'u ya sunkuyar da kai. Can sai tsohuwar ta ce, ba ta juyo ba, "Ku hidda ni waje. Ba ni ci cikin warin magani."

Suka tura ta lambu, ƙarƙashin wata bishiya mai faɗin ganye, kusa da akwatinta. Iska na ɗan kaɗawa, wasu tsuntsaye jajaye na rigima a kan abin zuba musu hatsi da Olive ta rataye. Rumasa'u ta durƙusa ta ɗebo rabin cokali ta yi bisimilla. Inna ta dubi cokalin, ta dubi gindin rukuɓun da ta tsinke jiya, sannan ta buɗe baki.

Ba wanda ya yi numfashi sai da maƙogwaronta ya motsa.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "'Yan birni. Ƙaro."

Cokali biyar ta ci. A na shida ta ɗaga hannu. Zakariya'u ya tashi ya tafi bayan bishiya, wai waya zai amsa, wayar kuwa tana aljihun rigarsa ba ta yi ƙara ba. Ranar Lahadi ta ci bakwai, ta ɗora da kunu rabin kofi.

Ranar Litinin aka zauna a ƙaramin ɗakin taro. Likitan mutumin kirki ne, bai ɓoye komai ba. Ya ce ya yi murna, amma cokali bakwai ba ya riƙe babban mutum, tiyon zai iya ƙara mata watanni, wataƙila shekara. Ya tura takardar gaban Zakariya'u. Zakariya'u ya ɗauki biro ya juya shi, ya ajiye.

"Da ba ta magana, ni ke magana a madadinta," ya ce. "Yanzu tana magana. A kawo ta."

Rumasa'u ta turo ta. Zakariya'u ya sauka daga kujera ya tsuguna a gaban keken kamar yadda ake yi a gida, ya gaya mata duk abin da likita ya ce, bai rage ba bai ƙara ba. Inna ta saurara har ya gama.

"Auta," ta ce, "hudar kunne da aka yi mini ina jinjira ta ishe ni. In ina iya haɗewa, in ci. Ran da na kasa, ku bar ni da Mai ni. Ka hwaɗa ma yayyenka ni na ce, ba kai ba." Ta ɗan huta. "Kuma ka ce ma lokotoro a dinga hidda ni da sahe. Ina da aiki waje."

Katung ne ya fassara wa likitan. Likitan ya yi mata tambayoyi biyu uku don ya tabbatar ta san abin da take zaɓa, ta amsa masa daidai, har da ƙarin cewa ya cika tambaya. Ya janye takardar ya rubuta wata, cewa ba za a sa tiyo ba ko da ta kasa haɗiya. Rumasa'u ta ji daɗi, ta kuma ji tsoro, don ta fi kowa sanin ma'anar abin da aka rubuta.

Daga ranar lambun Olive ya samu sarkin noma. Ƙarfe tara Inna na bakin akwati, tana nuni da hannun hagu Olive na bi. Ba Hausa ba Turanci, amma ba a taɓa jin sun kasa fahimtar juna ba, musamman wajen faɗa. Olive ta ware akwati guda ta kwashe furanninsa ta bar wa rukuɓu, ta kafa allo ta rubuta wa masu yankan ciyawa cewa wannan shuka ce, kada a taɓa. Wani tsoho ɗan Carolina da ba ya tuna sunan 'ya'yansa ya matso da kekensa wata rana, ya kalli ganyen ya ce kakarsa da naman alade take dafa shi. Da aka fassara wa Inna ta yi a'uziyya, amma washegari ita ta sa aka matso da shi kusa, ta koya masa tsinka. Wata tsohuwa kuma da ta ƙi fita ɗaki tun hunturu ta fara fitowa, ta ce hayaniyar ce ta hana ta sakat, gara ta zo ta ga dalili.

Ba warkewa Inna ta yi ba, kuma ba wanda ya yaudari kansa. Wata rana cokali goma, wata rana uku. Amma ta dawo da tsokana, ta dawo da tambayar jikoki, ta sa aka kira mata 'ya'yanta na gida ta yi musu faɗa ɗaya bayan ɗaya. Da watan Agusta ya ƙare rukuɓun ya yi tsawo ya fitar da kai, ganyen ya fara tauri. Wani lokaci Rumasa'u kan bar ta a jikin akwatin ta je ta juya wani mara lafiya, ta dawo ta same ta ita kaɗai, rana a fuskarta, tana 'yan ƙananan waƙoƙin daka a ƙasan maƙoshi.

Mako bakwai da kwana biyu ta yi. Ranar wata Laraba a watan Satumba ta ce a mayar da ita ɗaki da wuri, kanta na sarawa. Rumasa'u ta kwantar da ita, ta gyara mata matashi, ta ga ɗaya gefen fuskar ya fara sauka. Ta danna ƙararrawa ta kira Zakariya'u, ta kama hannun nan na hagu tana maimaita mata kalmar shahada a kunne. Inna ta motsa leɓe tare da ita sau biyu. Kafin Zakariya'u ya ratso cunkoson hanya daga filin jirgi, ta cika, ana gab da azahar.

Aka yi mata sallah a masallacin Sterling washegari, aka kai ta maƙabartar Musulmi. Olive ta zo da gyale a kanta ta zauna cikin mata, ba ta jin ko kalma ɗaya, tana ta kuka.

Ranar Juma'a aka ce a kwashe kayanta, akwai mai jiran gadon. Zakariya'u ya ce ba zai iya shiga ɗakin ba, Rumasa'u ta ce ya bar mata. Kayan ba su da yawa: zannuwa huɗu, carbi, buta, takalmin da ba ta sake sawa ba tun Afrilu. Tana ninke tsohon ɗankwalin da Inna ke yafawa in za a fita lambu, sai ta ji ƙulli a haɓarsa. Ƙulli ne sakwa-sakwa, a karkace, irin wanda aka ɗaura da hannu ɗaya da haƙori. Ta zaci guntun goro ne tsohuwar ta ɓoye wa nas. Ta zauna a bakin gadon ta kwance shi a hankali.

Iri ne. 'Ya'yan rukuɓu, baƙaƙe ƙanana masu sheƙi, an murje su an fece ƙaiƙayin tas, kusan cikin cokali guda. Na shukar baɗi.

Rumasa'u ta daɗe tana kallon su a tafin hannunta. Ta taga tana hango Olive a lambu ta tura tsohon nan ɗan Carolina jikin akwati, tana riƙe masa hannu yana tsinka. Ta mayar da irin cikin haɓar ɗankwalin, ba ta bar ko ƙwaya ɗaya ta faɗi ba, ta ɗaure shi da hannu biyu.